Wakili Ba Ya Sassarfa

Shekara goma sha tara ina dafa shayi a bakin tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura, kuma ban san ranar da gari ya waye Wakili bai tsere wa jirgi a kan bencina ba. Da baki fa, ba da ƙafa ba. Sunana Mudi. In kun ji ina ba da labarin nan da ɗan zafi ku yi mini uzuri, don akwai hannuna dumu-dumu a ciki.

Wakili masinja ne a reluwe tun jirgi yana jirgi. Wata rana aka manta da jakar wasiƙu har jirgi ya tashi, sai ya saɓa ta a kafaɗa ya bi shi da gudu, ya kuwa cim masa. Wannan gaskiya ce, a gabana aka yi. Abin da ba ya faɗa shi ne jirgin mutuwa ya yi a bayan gari, direba na gindin bishiya yana shan rake. Da labarin ya shekara biyar sai jirgin ya warke ya soma gudu. Da ya shekara goma, Wakili bai cim masa ba sai a rabin hanyar Gusau. Kafin a kai ga abin da zan ba ku, wuce jirgin yake yi, ya isa Gusau, ya yi alwala, ya zauna jiransa.

To jirgi ya daina zuwa, aka sallami ma'aikata, Wakili ya tare a bencina. Shekara bakwai ba aikin fari balle na baƙi. Matarsa Azumi ce ke riƙe da gidan da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, tana matsar tunkuza har tafin hannunta ya yi kanta. Shi kuwa in ka ce ya nemi dako ko gadi, sai ya dube ka sama da ƙasa ya ce mutumin da ya kunyata jirgin Bature ba ya ɗaukar buhun wani.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, jiharmu tana sabuwa fil, kowa na neman abin da zai kafa a san da shi. Wasu masu hali suka kafa Kwamitin Farfaɗo da Guje-guje, suka sa mota mai lasifika ta zaga gari da shela: nan da mako shida za a yi gudun fanfalaki daga kasuwar Zurmi zuwa bakin tashar Ƙaura, mil ashirin da 'yan kai. Wanda ya zo na ɗaya zai sami sabon keke, a kuma ɗauke shi aikin horar da 'yan gudu, da albashi da tebur da kujera. Sharaɗi biyu ne: a iso da ƙafa, kuma wando ya rufe gwiwa.

Wakili ya dire kofinsa. "Ku ce musu su goge teburin."

"Wakili, shekararka arba'in ba ɗaya hwa," in ji ni.

"Jirgin da na wuce ai ya girme ni, Mudi. Ya hana?"

A lokacin makaɗa da maroƙa sun yi sanyi, kowa ya tura kalangunsa ƙarƙashin gado, saboda haka Wakili ya ɗauki nauyin yi wa kansa kirari. Ya hau bencina da takalmi ya ɗaga hannu. "Sai ni guguwa mai hana shanya! Sai ni na Azumi, ƙasa na jin labarina ba ta ganin sawuna!"

Mu dariya muka yi. Azumi da labari ya kai mata ba ta yi dariya ba, don ta san abin da mu ma muka sani muke ƙin faɗa: ƙaryar Wakili a baki take, amma ƙafar akwai ta. Sai ta bi ta hannun Roseline, mai sayen mai a wurinta, ta roƙi mijin Roseline ɗin, Oga Sunday, ya taimaka. Oga Sunday tsohon mai duba layin dogo ne, mutumin kudu da ya fi shekara talatin a Sabon Garin Ƙaura, Hausa a bakinsa ta fi tawa. A samartakarsa ya yi wa reluwe gudu har Legas. Lambobin yabon da ya ciyo na cikin gwangwanin madara, bai taɓa nuna mana ba sai da muka matsa masa.

Ya zo da kekensa da agogo mai igiya a wuya, ya sa Wakili ya zaga filin ƙwallo sau huɗu. Ya dubi agogo, ya dubi Wakili, ya sake duban agogo.

"Za ka iya cin gudun nan," in ji shi.

"Kun ji! Mudi, ka ji da kunnenka!"

"Tsaya, ban gama ba. Kwana biyu a mako za ka yi gudu mai zafi, Talata da Asabar. Sauran kwanakin sassarfa za ka yi, sannu-sannu. Ranar da ta biyo bayan mai zafin kuwa ita ta fi kowace sanyi, don ita ke wanke gajiya daga cikin nama. Ranar wahala jiki ake fasawa. Ranar da anka lallaɓa shi, ranar yake ginuwa."

"Sannu-sannu awa yaya?"

"Yadda za ka iya gaisawa da mutum kana tahiya. Cikakkiyar gaisuwa, har iyali da gona da ruwan bana. In numfashi ya yanke maka tsakanin 'lahiya' da 'lau', ka yi sauri."

Wakili ya karkace kai. "Wato in hito titi, gaban jama'a, in riƙa taka-taka awa jakin da anka labta wa gishiri?"

"Haka nan."

"A Ƙaura?"

"Ai ƙafarka ba ta san sunan gari ba."

Talata aka yi mai zafi, Wakili ya yi ta da marmari, har da ihu. Laraba bayan an fito masallacin asuba gari ya yi haske, suka fito sassarfa: Oga Sunday a kan keke yana taka feda a hankali, Wakili a gefensa cikin dogon wando, fuska a murtuke.

"Ina kwana, Wakili?"

"Lahiya lau."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Yaya Azumi da yara?"

"Lahiya suke. Oga, mutane na kallo."

"Yaya gero?"

"Ba ni da gona!"

"To yaya na maƙwabta?"

Haka suka taho tiryan-tiryan, abu na tafiya daidai, har suka kawo gaban teburina. Benci cike da masu karyawa. Ni kuwa da na hango shi yana wannan taka-takar, bakina ya yi ƙaiƙayi.

"A'a! Wakili! Yau jirgin ne ya mutu ko kai?"

Benci ya kwashe da dariya. Wakili ya ja birki, ya harare ni, ya tattare wando da hannu biyu, sai fyu! Kaji suka watse, wata akuya ta tsinke igiya. Oga Sunday ya miƙe tsaye a kan feda yana bin sa yana kira: "Yaya ruwan bana? Wakili! Ruwan bana!" Bai same shi ba sai a gadar bayan gari, ya dafa gwiwa, harshe a waje. Ya ce masa ina gajiya, Wakili ya buɗe baki, iska kawai ta fito.

Oga Sunday ya ce to a bar cikin gari, a koma hanyar gonaki. Damina ce, gero ya kai ƙugu, ba kowa sai manoma. Rana ta farko suka yi mil guda lafiya, sai ga wata tsohuwa, Turai mai itace, ta ga ƙaton mutum ya nufi daji yana sassarfa yana cije leɓe. Ta sauke kayanta don tausayi.

"Wayyo, sannu ɗan nan. Ciki ne? Shiga geron can, ba kowa."

Wakili ya zabura da gudu, bai tsaya ba sai da ya ƙure gonakin kaf.

Washegari wani ɗan kabu-kabu ya rage gudu kusa da shi ya ce ya hau a rage masa hanya don Allah. Wakili ya ce in babur ɗin ya cika babur a gwada, aka gwada. Wata ranar jaki ne ya wuce shi, jaki kurum, ba kowa a kai, yana tafiyarsa. Wakili ya ce ba a haifi jakin da zai wuce shi a ƙasar Namoda ba. Jakin da ya ji ana bin sa ya ƙara mai, suka yi ta yi har bakin rafi, Oga Sunday na baya da keke yana ta zuba gaisuwa ba mai amsawa.

Mako huɗu ana haka. Duk ranar sassarfa sai ta koma tsere, ranar gudu mai zafi kuma ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Wakili ya soma zama a bencina hawa-hawa, sai ya dafa tebur, ya dafa kafaɗar wani, sannan ya sauka da nishi. A masallaci in aka yi ruku'u ana jin sa daga sahun baya. Ran nan aka koma filin ƙwallo, ya zaga sau huɗu, Oga Sunday ya kawo agogon har gaban hancinsa.

"Ka fi ranar farko nawa."

"Agogon nan na kudu ne, bai saba da zahin nan ba."

"Shekararshi talatin a Ƙaura."

"To wandon ne. Iska yake kamawa."

"Da shi ka yi na farko. Wakili, kai ba ka da ranar zafi, ba ka da ranar sanyi. Kullum ɗumi-ɗumi, awa shayin Mudi."

Wannan ƙazafi ne, shayina na ƙona harshe, amma na bar shi ya wuce saboda maganar tana kan hanya.

Abin da ya faru a gida Roseline ce ta tarar, ta ba mijinta, mijinta ya ba ni. Azumi ta dafa ruwa tana gasa masa ƙafa da tsumma, yana ta ba ta labarin yadda ya yi da jaki. Ta bari ya kai aya, sannan ta ajiye tsumman ta buɗe masa tafin hannunta.

"Malam, dubi nan. Ni ban taɓa roƙonka komi ba. Na gaji, wallahi na gaji. Ba keke nike so ba, ba kirari nike so ba, aikin nan nike so ka samu. In sassarfa anka ce, ka yi sassarfa, ko da duk Ƙaura za ta mutu da dariya."

Wakili ya daɗe yana kallon hannun, sannan ya yi rantsuwa zai yi. Kuma har zuciyarsa ya yi nufi, wannan na shaide shi. Inda aka sami matsala, ya zauna ya yi tunani.

Tunanin shi ne: tunda idon sani ke hana shi sassarfa, sai ya tafi inda ba a san shi ba. Saura kwana biyu a yi gasa, Oga Sunday ya ce masa ranar Alhamis mil uku kacal zai yi, a hankali, ya dawo ya miƙe ƙafa. Wakili bai gaya wa kowa ba, ya ari rawani, ya shiga motar Shinkafi. Ya manta Alhamis kasuwar Shinkafi ke ci, rabin mutanen Ƙaura suna can. Yana sauka ya ga fuskokin gida ta ko'ina. Sai ya naɗe rawanin ya rufe baki da hanci, ya bar ido kawai, ya zaga bayan kara inda ake ɗaure shanun sayarwa, ya soma sassarfarsa. Kyakkyawar sassarfa kuwa, irin wadda Oga Sunday ya yi wata guda yana roƙo. Sai dai duk taki goma sai ya waiga, kada wani ɗan Ƙaura ya gan shi.

Wani dillalin shanu ya yi masa sallama. Wakili ya dube shi ya ga ɗan unguwarsu ne, in ya amsa za a gane murya, sai ya yi gum ya wuce.

Ku auna da kanku. Mutum ya rufe fuska, yana sanɗa da gudu-gudu a bayan kara, yana waige, an yi masa sallama bai amsa ba.

"Malam, tsaya mana!"

Wakili ya ƙara waigawa, bai tsaya ba.

"Ɓarawo!"

A shekarar nan duk wanda aka kira da wannan suna, hannunsa na dama yake fara dubawa. Wakili ya dubi nasa, ya ga yana son abinsa, ya cika wandonsa da iska. Kasuwa ta tashi. Mahauta da wuƙaƙe, dillalai da sanduna, 'yan kabu-kabu, masu tallan fura, har da wani Buzu a kan raƙumi. Wakili ya bar titi ya faɗa gonaki, babura suka tsaya. Ya tsallake shinge, ya ratsa fadama, masu ƙafa suka soma zubewa ɗaya bayan ɗaya. Mil bakwai ya yi, mutanen Shinkafi da kansu suka faɗa. Ba a kama shi ba sai da laka ta riƙe shi har gwiwa, Buzun ya zo ya tsaya a kansa yana jiran sauran.

Aka kai shi gaban dattawan kara, aka caje shi, aka sami goro ɓari guda. Aka ƙirga shanu, cif. Aka yi shela ko wani ya rasa wani abu, shiru.

"To kai mi kake gudu?" in ji babban dillali.

"Ku mi kuke bi na?"

"Mun ga kana gudu."

"Ni sassarfa nike, ku kunka mai da ita gudu!"

Aka warware rawani, mutanen Ƙaura suka haɗa baki: "La ila! Wakili ne!" Aka ba shi haƙuri da ƙwaryar fura, aka ɗora shi a mota.

Juma'a da safe ga shi a bencina, a kwance, don zama ya gagara. Kasuwar Shinkafi kaf, in ji shi, da raƙuma goma sha biyu, mil goma sha biyar, kuma tsayawa ya yi don tausayinsu. Oga Sunday ya zo ya sa yatsa ɗaya ya danna masa sha-raɓa. Wakili ya yi ƙarar da ta sa na zubar da madara.

"Ka riga ka yi gudunka, Wakili," in ji Oga Sunday. "Jiya anka yi shi, kuma ba a ba da keke ba. Abu ɗaya ya rage maka. Gobe ka tashi a bayan kowa, ka zauna a baya, kada ka wuce ko da kaza sai an wuce Dauran. In ka yi haka ƙila ƙafar ta kai ka."

"An gama," in ji Wakili.

Asabar mutum ashirin da uku suka jeru a kasuwar Zurmi, kowa da dogon wando, kamar masu zuwa ɗaurin aure. Ni ina Ƙaura, don a gaban teburina aka ja layin ƙarshe, wannan ɓangaren daga bakin Oga Sunday na ji shi. Akwai ɗalibai, akwai 'yan ƙwallo, akwai wani siririn Bafillace makiyayi daga wajen Dauran, sunansa Lado, da takalmin roba da sandarsa. An ce ya ajiye sandar, ya ce in ba ita bai san inda zai sa hannunsa ba.

Aka busa usur. Wakili ya zauna a baya kamar yadda aka ce, taki ɗari, taki ɗari biyu. To labarin Shinkafi ya riga shi isa Zurmi, jama'a sun cika bakin hanya don su gan shi.

"Wanne ne Wakilin?"

"Wancan na baya."

"Wancan? Haba dai! Lallai mutanen Shinkafi guragu ne."

Oga Sunday ya ce yana kan keke ya ga kunnen Wakili ya motsa, ya san an gama. Wakili ya ratsa tsakiyar 'yan gudu ya fice gaba. Su kuma da suka ga wanda ya gagari kasuwa guda ya tashi haka, suka ɗauka haka ake gudun fanfalaki, suka rufa masa baya da iya ƙarfinsu. Kafin mil biyar hanyar Zurmi ta cika da mutane a kwance, wani a gindin bishiya, wani a kwalbati yana amai, wani na kiran uwarsa. Mutum ashirin da ɗaya Wakili ya kashe wa gudu a safiyar nan. Lado kaɗai bai bi ba. Ya saɓa sandarsa a wuya ya rataya hannuwa, yana irin sassarfar da yake yi kullum a bayan shanu.

Wakili ya shiga Dauran shi kaɗai, hannu a sama, yana kirari da ragowar numfashi. Daidai bakin kasuwa ƙafar dama ta ɗaure. Ya ce mata ke, ta hagu ma ta ɗaure. Ya zauna daɓas a gefen hanya. Can sai ga Lado, ya ce masa sannu, ya wuce. Da Wakili ya hango keken Oga Sunday, wanda ya tsaya yayyafa wa sumammu ruwa, kunya ta sa ya ja gindi ya shige cikin gero. Oga Sunday ya wuce yana zaton yana gaba.

Mu a Ƙaura an kafa rumfa, an jera kujeru, an ja igiya an ware wa mata gefensu. Azumi na can tun hantsi, a tsaye. Sakataren kwamiti, Alhaji Khalil, yana zaune da fayil a cinya. Kafin azahar sai ga Lado, ko haki ba ya yi, ya taka layi ya tambayi inda ake shan ruwa. Aka yi kabbara, aka miƙa masa keke, Alhaji Khalil ya buɗe fayil ya ce ranar Litinin ya kama aiki.

"Aiki? A ina, ranka shi daɗe?"

"Ofis. Ga tebur, ga kujera."

"Shanun hwa?"

"Ba a shiga ofis da shanu."

"To Allah shi ba mai rabo."

Ya ɗaure sandarsa a jikin keken, ya tura shi da hannu ya kama hanyar Dauran, don bai iya hawa ba.

Alhaji Khalil ya share gumi ya ce takardar nan yau za a sa mata suna, saboda haka duk wanda ya iso na biyu da ƙafarsa, aiki nasa ne. Aka zuba wa hanya ido. Aka yi azahar. Motar kwamiti ta zo ta juye mutum ashirin da ɗaya, ba Wakili. Aka yi la'asar. Oga Sunday ya kasa zaune ya kasa tsaye.

Sai ga amalanken shanu ya taho ƙiƙi-ƙaƙa, an labta masa ɗanyar ciyawa. Ashe Wakili ya roƙi mai amalanken, wani bawan Allah Ado, ya ɓoye shi a cikin ciyawar, da niyyar in an zo bakin gari ya diro ya shigo da gudu. Da aka zo bakin gari ya ce zai diro, ƙafafu suka ce a yadda aka naɗe su haka za su zauna. Ado kuwa mutum ne mai tsoron haƙƙi, ya ga ba zai yar da mara lafiya a hanya ba, sai ya kora shanunsa har gaban rumfa ya yi sallama.

"Wa ke da wanga? A Dauran na tsince shi."

Ya yaye ciyawa. Ga Wakili a dunƙule, gwiwa a ƙirji, ciyawa a ka. Sai dariya ta fashe har da masu faɗuwa daga kujera.

"A nan gada na hau," in ji Wakili. "Ƙaya na taka."

"Ji tsoron Allah, malam," in ji Ado. "Tun Dauran. Har barci ka yi."

Oga Sunday ya durƙusa gaban Alhaji Khalil, dattijo da furfurarsa, ya ce a duba, mutumin nan ya fi duk sauran nisa, kuma yana da iyali. Alhaji Khalil ya dubi rana, ya dubi fayil, ya ga in bai sa suna ba shi zai sha tambaya.

"Ni dai takarda cewa ta yi a iso da ƙafa. Ku kai shi gindin dalbejiyar can. In ya tako daga can zuwa layin nan, ba mai riƙe shi, na rubuta sunanshi mu tashi."

Taki talatin ne, ni na auna daga baya. Muka ɗauke shi mu huɗu muka kai shi gindin bishiyar. Oga Sunday ya yi ta murza masa ƙafa yana miƙar da ita kaɗan-kaɗan, Wakili na salati, har ya tsaya da kansa yana tangaɗi.

"Ja ƙafa kurum," in ji Oga Sunday. "Kada ka ɗaga ta. Ba mai bin ka, ba wanda za ka wuce. Ja."

Wakili ya ja ta dama. Ya ja ta hagu. Taki biyar, taki goma. Dariya ta mutu, duk Ƙaura ta yi shiru, ba ka jin komai sai ƙarar takalminsa a ƙasa. Taki ashirin. Alhaji Khalil ya cire murfin biro. Na hango Azumi ta toshe baki da mayafi, hawaye na zuba.

Wallahi ina so ya samu. Na rantse da wanda raina ke hannunsa, babu wanda ya kai ni so a wurin in ban da matarsa. Amma shekara goma sha tara bakina ya saba, ya riga ni. Ban ma ɗaga murya ba, wanda ke kusa da ni na raɗa wa:

"Allah sarki, ji Wakili awa mai jego."

A cikin shirun nan maganar ta tafi har rumfa. Wani ya yi ƙyaƙ.

Wakili ya tsaya cak.

"Wakili, a'a," in ji Oga Sunday.

"Malam!" Azumi ce, daga bayan igiya, matar da ban taɓa jin muryarta a waje ba.

Ya ɗaga ƙirji, ya tattare wando da hannu biyu, ya zabura. Taki na farko ya yi kyau. Na biyu ma ya yi kyau. A na uku ƙafafun suka ɗaure gaba ɗaya, ya tafi a miƙe ya kifa da fuska, tim! Tsakanin yatsunsa da layi bai fi kamu uku ba. Ya yunƙura, ya koma. Ya sake yunƙurawa, ya soma jan ciki.

"Da ƙafa anka ce," in ji Alhaji Khalil, "ba da haɓa ba." Ya jira har Wakili ya gwada na uku ya kasa, sannan ya mayar da murfin biro ya rufe fayil. Aka soma naɗe kujeru.

Azumi ba ta dubi mijinta ba, ni ta duba. Ba ta zage ni ba, na so a ce ta zage ni. Ta gyara mayafinta ta juya ta nufi gida.

Na je na durƙusa kusa da shi, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na buɗe baki zan nemi gafara, sai ya ɗago kai, ya tofar da ƙasa, ya kamo hannuna.

"Amma tsakani da Allah, Mudi, ka ga tashin?"

Na ce na gani. To me zan ce?